Yadda ake gwajin ƙasa kafin ka zuba kuɗinka a fandisho

Mafi yawanmu in mun sayi fili abinda ke gabanmu takarda ce kawai, a sa hannu, mai unguwa ya shaida, safiyo yazo ya kafa siminti a kusurwa huɗu, shikenan sai neman mai zane da tifar yashi. Abinda ke ƙarƙashin filin kuwa ba mai tambaya, alhali shi zai ɗauki gidan muddin gidan na tsaye. Sai bayan damina biyu ko uku kaga bango ya tsage daga kusurwar taga ya tafi a karkace, ƙofa ta daina rufuwa, tayil ya fara fashewa a tsakar falo, sai a kama zagin birkila ana cewa ya saci siminti, wani lokacin ma bawan Allah bai saci komai ba, ƙasar ce ta zauna ta gefe ɗaya. Toh ga yadda ake bi a san ƙasar tun kafin a haƙa, kuma ka riƙe wannan tun yanzu, gwajin ƙasa kafin zanen rodi da fandisho ake yinsa, in an riga an zana an gama sannan aka je aka samo rahoto don cike fayil ɗin neman izini toh kuɗi kawai aka kashe.

Mataki na farko ko sisi ba zaka kashe ba, ƙafarka da bakinka ne. Kaje filin da kanka, in da hali kaje sau ɗaya da rani sau ɗaya a cikin watan Agusta bayan an tafka ruwa, don dillali da rani yake son kai mutum. Duba ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, akwai kachala ko ciyawar fadama a wajen, ƙasar ta tsattsage kamar bayan kunkuru ko kuwa a dunƙule take. Ka dubi katangar maƙwabta da kyau, musamman wadda ta daɗe, in kaga kusan kowane gida a layin yana da tsaga ko an yi masa faci a wuri iri ɗaya toh ba birkila ɗaya ne ya gina su duka ba, ƙasa ce take magana. Sannan ka nemi dattijon unguwar wanda ya san wajen tun yana gona, ka gaishe shi da kyau kace Baba dan Allah da can me ake yi a nan wajen, zai gaya maka abinda babu shi a takarda, ko kududdufi ne aka cike, ko bola ce, ko nan ake ɗiban ƙasar gini, ko akwai tsohuwar rijiya ko masai da aka binne. A Kano wannan ba sabon abu bane, kududdufai nawa aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka aka sayar, a Jos kuma akwai tsofaffin ramukan kuza. Mai haƙar rijiya na unguwar shima ka neme shi, ya san gaba nawa ake yi a samu ruwa da irin ƙasar da ake ratsawa fiye da kowa. In kana da kwamfuta ka buɗe Google Earth, akwai inda ake komawa hotunan shekarun baya, zaka iya ganin filinka yana cike da ruwa a hoton da aka ɗauka shekara goma sha da suka wuce.

Akwai ɗan gwajin da zaka iya yi da hannunka, ba zai maye gurbin injiniya ba amma zai buɗe maka ido. Kasa a haƙa maka ɗan rami kamar zuwa ƙugu, ka ɗebo ƙasar can ƙasa banda ta sama mai saiwoyi, ka ɗan jiƙa ta ka murza a tafin hannu. In ta murzu ta zama siririya kamar taliya bata karye ba, tana kama yatsa tana sheƙi, yumɓu yayi yawa a ciki. In ta wargaje tana ƙaras ƙaras yashi ne. Ko ka zuba ta a gorar ruwa ta roba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa ka girgiza sosai ka ajiye, yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushin ta biyo baya cikin 'yan awanni, yumɓun kuwa zai bar ruwan a gurɓace har kwana ɗaya ko fiye, sai kaga hawa hawa a jikin gorar. In ƙasar baƙa ce tana wari ko kana tsintar leda da tsumma da fasasshen kwalba a cikinta toh ciko ne, ka riga ka san baka da zaɓi sai an kawo inji.

Mataki na biyu ka tsayar da me zaka gina. Wannan yana da muhimmanci don injiniya ba zai iya cewa a haƙa mita kaza ba sai ya san nauyin da zai hau, gidan ƙasa mai ɗaki uku daban, bene hawa biyu daban, filaza ko makaranta ko masallaci mai hasumiya daban, tankin ruwa na sama ma nauyi ne ba kaɗan ba. Kuma ka faɗi gaskiya, in a ranka akwai niyyar ƙara hawa nan gaba in Allah ya hore toh ka faɗa tun yanzu, wannan ɗabi'ar ta a yi fandishon flat sannan bayan shekara biyar a zuba rufin kankare a ɗora bene ita ke jawo masifa. Abinda zaka riƙe a hannu shine takardar safiyo da zanen farko na akitek wanda ya nuna inda ginin zai zauna a cikin filin.

Na uku neman wanda zai yi aikin, kuma anan ake yawan ruɗewa. Masu haƙa rijiyar burtsatse aikinsu daban, wancan awon da ake ja da waya ana kafa ƙarafa a ƙasa don gano inda ruwa yake shima daban, ba zai gaya maka nauyin da ƙasa zata iya ɗauka ba. Wanda kake nema injiniyan gine gine ne da ya ƙware a fannin ƙasa, mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, wanda zai sa hannu ya buga hatiminsa a rahoton, ka tambayi lambar rajistarsa ba rashin kunya bane. Sashen injiniyancin gine gine na jami'o'i irin su ABU Zariya da BUK suna da ɗakin gwajin ƙasa, manyan kwalejojin fasaha ma haka, ga kuma kamfanoni masu zaman kansu. In bene zaka yi a birni ka fara leƙawa hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko masu kula da gine gine a Abuja, ka ji takardun da suke buƙata kafin su bada izini don kada kayi aiki biyu.

Wajen ciniki kada ka yarda da magana dunƙule ta ai zamu yi maka soyil tes kawai. A rubuta maka rami nawa za'a haƙa, kowanne mita nawa, wane gwaji za'a yi a fili, wanne za'a yi a ɗakin gwaji, kuɗin kawo inji da mayarwa, ruwa wa zai kawo, rahoto yaushe. Ka karɓi farashin mutum biyu ko uku ka kwatanta layi da layi, sau da yawa mai arha ramukansa ne suka fi gajarta ko ya cire gwajin ɗakin gwaji gaba ɗaya. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ramuka su gaza uku a ƙarƙashin gini ɗaya kuma kada a jera su a layi guda, a warwatsa su kusurwa da tsakiya, don da rami ɗaya ba zaka gane ko shimfiɗar ƙasar ta karkata ba, fili ƙafa 50 a 100 ma yana iya zama gabansa marmara bayansa tsohon rami. Zurfi kuma ana so a wuce ƙasan fandisho da aƙalla faɗinsa sau ɗaya da rabi saboda har can nauyin ke kaiwa, ga ƙaramin gida ramin hannu na mita 2 zuwa 3 yakan isa in ƙasar bata da tarihi, bene kuwa akan shiga mita 10 zuwa 15 ko fiye, a wurare irin Legas da Fatakwal masu taɓo har mita 30 ana zuwa. Kuma in ciko ne dole a ratsa shi gaba ɗaya har a taɓa asalin ƙasa a shiga cikinta, ko mita nawa ne.

Toh ranar aiki. Dan Allah kaje, ko ka tura wanda ka yarda dashi ya zauna tun safe da waya a hannu yana ɗaukan hoto. Kafin a kafa komai a tabbatar ba bututun ruwa ko wayar wuta a binne a wajen, a kuma duba wayar sama don ƙafafun injin dogaye ne. A sa alama a kowane wurin rami bisa zanen, a auna nisansa daga siminti na kusurwa a rubuta.

In ramin hannu ne lebura zasu haƙa mai faɗin da mutum zai shiga, injiniya ya duba bangon ramin da idonsa ya rubuta daga nan zuwa nan ƙasar noma, daga nan jar ƙasa mai burji, daga nan yumɓu, ya ɗebi samfur a kowane canji. Abu biyu anan, kada a haƙa shi daidai inda fila, wato ginshiƙin gini, zata zauna, a ɗan goce gefe don ƙasar da aka tona aka mayar bata komawa yadda take, sannan rami in ya wuce kamar mita 1.2 a yashi ko jiƙaƙƙiyar ƙasa kada kowa ya shiga sai an tokare bangon da katako, kuma ƙasar da aka fitar a jibge ta nesa da baki, rami yana rufta wa mutum ba sallama.

In kuma inji ne, wanda aka fi gani a wajenmu mai ƙafa uku ne da ɗan injin dizal da igiyar ƙarfe, yana ɗaga wani bututu mai nauyi yana saki, bututun na cin ƙasa ana fitarwa ana zazzagewa, inda bango ke zubewa sai a zura bututun kariya. Duk bayan mita ɗaya da rabi ko inda ƙasa ta canza sai a tsaya ayi gwajin da ake kira SPT, kuma wannan shine wanda nake so ka zuba wa ido don shine zuciyar aikin. Za'a zura wani siririn bututu mai tsagewa biyu har gindin ramin, a saman sandar a sa guduma mai nauyin kilo 63.5, a ɗaga ta santimita 76 a sake ta ta faɗo da kanta. Za'a ja layi uku da alli a jikin sandar, kowanne santimita 15, duka 45 kenan. Bugun da ya shigar da 15 ɗin farko ba'a lissafa shi don wajen ya riga ya dagule, na biyu da na uku ake haɗawa, jimlar ita ce lambar da zaka ga an rubuta N a rahoto. Misali an buga 4 sai 6 sai 7, N ya zama 13. Kai ma ka ƙirga a ranka kana tsaye ka rubuta a wayarka. A yashi in N bai kai 10 ba sako sako ne, 10 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 ya ƙulle sosai, in an kai bugu 50 sandar ta ƙi shiga akan tsaya a rubuta ta ƙi. A yumɓu kuwa ƙasa da 4 taɓo ne, daga 8 zuwa 15 ya fara ƙarfi. Ka lura da mai riƙe igiya, in yana rage tsawon ɗagawa saboda gajiya ko yana riƙe gudumar bata faɗowa sakaka toh bugu zai yi yawa, takarda ta nuna ƙasa mai ƙarfi alhali ba haka bane, wannan kuskuren kuma ta ɓangaren hatsari yake.

Samfur iri biyu ake ɗauka. Akwai wanda ake zubawa a leda a ɗaure, a rubuta lambar rami da zurfi a jiki. Akwai kuma wanda ake so ya fito yadda Allah ya ajiye shi a ƙasa, shi a yumɓu ake ɗauka da bututun ƙarfe mai faɗin kusan santimita 10, ana fito dashi a narka kakin kyandir a toshe bakinsa biyu don kada danshinsa ya gudu, a ajiye a inuwa. In kaga an jefar dasu a bayan mota cikin rana ba rubutu ba komai kayi magana nan take.

Ruwa kuma, a rubuta zurfin da aka fara cin masa, sannan a bar ramin a rufe a dawo washegari bayan awa 24 a sake aunawa don a ga inda ya tsaya. In a watan Maris ko Afrilu akayi aikin ka sani wannan shine mafi ƙasan da ruwan ke sauka, da damina zai hau, anan labarin mai rijiya da maƙwabta zai yi amfani, a gaya wa injiniya ya sa a lissafi.

Wani abu da ke yaudarar mutane shine a ci karo da abu mai tauri a mita biyu ace alhamdulillahi an samu dutse a naɗe kaya. A ƙasarmu ta arewa ɓawon marmara yakan zauna a sama, ƙarƙashinsa kuma ƙasa ce mai laushi da ta ruɓe daga dutse, a wurare masu duwatsu irin Abuja da Jos kuma yana iya zama ƙaton dutse guda ne a kwance cikin ƙasa, gefensa ba komai. Shi yasa a babban gini ake kawo inji mai juyawa ya yanki dutsen kamar mita 3 a tabbatar shine asalin. Akwai kuma gwajin da ake tura sanda mai tsinin kai a hankali ana karanta agogo, shi yana da sauri da arha kuma yana kyau a yashi da taɓo, amma baya fito da ƙasa a gani kuma yana cin karo da burji yake tsayawa, don haka ƙari ne akan haƙa. In an gama duka a cike ramukan a daddanne tun kafin su tafi, unguwa akwai yara da awaki.

Daga nan sai ɗakin gwaji, anan kai ba abinda zaka yi sai haƙuri. Zasu busar da ƙasa a murhu na kwana ɗaya su san yawan ruwanta, su tankaɗe ta a rariya hawa hawa su raba tsakuwa da yashi da gari, su auna iyakar ruwan da ke mayar da yumɓun kunu da inda yake fara karyewa, tazarar tsakanin biyun in tayi faɗi alama ce ƙasar tana kumbura tana motsewa. Zasu matse wancan na bututu har ya karye su san ƙarfinsa, wani kuma su ɗora masa nauyi kaɗan kaɗan kowane nauyi ya kwana, don a san nawa gini zai zauna da shekaru, wannan kaɗai yana cin sati. Sai gwajin gishiri da tsami na ƙasa da ruwa, don akwai gishirin da ke cin kankare akwai mai sa rodi tsatsa, in filinka na kusa da inda ruwan masana'antu ko na majema ke bi, irin wajajen Sharaɗa da Challawa, ko tsohuwar bola ce, kada a tsallake shi. Saboda haka rahoto na gaskiya yakan ɗauki sati biyu zuwa uku, wanda yace maka gobe da yamma ka zo ka karɓa ka tambaye shi yaushe ƙasar ta bushe. Na taɓa ganin rahoton da bangonsa ke ɗauke da sunan unguwa ɗaya, a shafi na ciki kuma sunan wata unguwar ce can daban aka manta ba'a goge ba, kaga amfanin lambobin da ka rubuta a wayarka kenan, ka buɗe ka gwada da nasu.

In rahoto yazo kada turancinsa ya tsorata ka. Fara duba taswirar ramuka ko ta dace da filinka, sai zanen kowane rami daga sama zuwa ƙasa da N ɗinsa da inda ruwa yake, sannan ka tafi shafin shawarwari a ƙarshe. Can zaka ga lamba mai kN/m² a gabanta tare da zurfi, wato nauyin da aka yarda kowace murabba'in mita ta ɗauka. Ga yadda take aiki, ace fila ɗaya zata sauke 300 kN, kusan tan 30 kenan, buhun siminti 600. In ƙasar na ɗaukan 150 toh gindin filar zai zama murabba'in mita 2, kamar 1.4 a 1.4. In 75 take ɗauka sai ya zama 4, wato mita 2 a mita 2, kankare da rodi sun ƙaru sosai. In ta ƙara yin ƙasa har gindayen suka fara haɗuwa da juna sai injiniya yace a zuba faifan kankare guda a ƙarƙashin ginin duka, wanda magina ke cewa raf, in ƙasar kirki tayi nisa can ƙasa kuma sai turakun kankare da ake kafawa har su same ta. Ta ɗaya ɓangaren ma yana ceton kuɗi, mutum nawa ne suka zuba raf saboda tsoro akan ƙasar da fandisho na yau da kullum ya ishe ta.

Masu fili a yankin baƙar laka, irin ta wajajen Dikwa da Marte da Ngala a Borno da kewayen Numan da wasu sassan Gombe, naku ya ɗan bambanta. Ita wannan da rani tauri gareta har N ɗinta yayi kyau a takarda, amma tana shan ruwa ta kumbura ta ɗaga gida, rani yazo ta tsuke ta sake shi, kuma ƙaramin gida mara nauyi tafi wahalarwa. Kace a yi gwajin kumburi musamman. Maganinta yawanci ko a kwashe ta a cike da jar ƙasa ana dannewa hawa hawa, ko a zurfafa a wuce inda danshi ke canzawa, ko a gauraya da farar ƙasa, sannan a zagaye gidan da daɓen siminti, ruwan indararo da na soakawe a kai su nesa, darbejiya da turare kuma kada a dasa su jikin bango don suna tsotse ruwan gefe ɗaya.

Rahoton ba na durowa bane, ka kai wa injiniyan da zai zana rodi da fandisho hannu da hannu, in zane ya fito ka duba bayanan da ke gefe zaka ga ya rubuta lambar ƙarfin ƙasar da yayi amfani da ita, ta zama ita ce ta rahotonka. Ranar da aka gama haƙan fandisho kuma kafin a zuba ko kwano ɗaya na kankare ka kira shi ya shiga ramin ya bi shi kusurwa kusurwa, don ramukan gwaji uku basu ga ko'ina ba, in an ci karo da gidan gara ko tsohon masai ko wani lungu mai laushi a kwashe shi har a samu ƙasa mai kyau a cike da kankare mara ƙarfi, in kuma ruwan sama ya kwana a ramin a kwashe taɓon da ya jiƙa tukuna sannan a zuba.